Yawan ambato ko tafiyar mara lafiya: da me za a auna aikin Amy Bastian?

Ummu Hanif:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Duk wanda ya buɗe maƙala kan koya wa mai shanyewar ɓarin jiki tafiya, da wuya ya gama gabatarwa bai ci karo da sunan Amy Bastian ba, ta cibiyar Kennedy Krieger da Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka. Maƙalunta kan injin tafiya mai bel biyu kowa na kafa hujja da su. To shin ɗalibi zai iya rubutawa a babin bitar ayyukan baya cewa hanyar ta tabbata tunda an ambace ta da yawa? In ba haka ba, me yawan ambaton yake nunawa?

Likitan Jijiya:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin ƙirge, a fara sanin me aka yi. Injin tafiya ne mai bel biyu, kowace ƙafa da nata, kuma kowane bel da injin da ke juya shi. A maƙalar 2005 ta Journal of Neurophysiology, wadda Darcy Reisman ta zo a farko, Bastian a ƙarshe, tsarin haka yake: mutum ya fara tafiya bel biyun suna gudu ɗaya, a auna takunsa. Sai a raba su, misali ɗaya mita 0.5 a daƙiƙa, ɗaya mita 1.0, na tsawon minti 10. Da farko mutum zai riƙa ɗingishi sosai. A hankali takun ya daidaita alhali bel ɗin ba su daidaita ba. Sai a mayar da su gudu ɗaya, nan take ya koma ɗingishi ta ɗaya ɓangaren na ɗan lokaci. Wannan ɗingishi na biyu shi ne shaidar cewa ƙwaƙwalwa ta ajiye sabon tsari, ba wai ƙafa ce kawai take bin bel ba.

Ba su suka fara amfani da injin ba. Ƙungiyar Volker Dietz ta wallafa gwaji da shi a kan manyan mutane a 1994 da 1995, kuma kafin nan an ɗora kyanwoyi a kansa. Abin da aikin 2005 ya ƙara shi ne rarrabewa: akwai abin da ke canzawa nan take kuma ya koma nan take, kamar tsawon lokacin da ƙafa ke ƙasa, akwai kuma abin da sai an koya, kamar tsawon taku da lokacin da ƙafa biyu ke ƙasa tare. A 2006 Susanne Morton da Bastian suka nuna a Journal of Neuroscience cewa masu lahani a sarabelam, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, suna iya gyaran nan take amma koyon ya gagare su. A 2007 Reisman da Bastian da abokan aikinsu suka nuna a mujallar Brain cewa masu shanyewar ɓarin jiki da lahaninsu ke babbar ƙwaƙwalwa suna iya koyon, har takunsu ya daidaita na ɗan lokaci bayan an sauke su. Mutum 13 ne marasa lafiya a gwajin. Ki riƙe wannan adadi.

Malam na Laburare:
Dakta ya share fage. Ni bari in zo ta ɓangaren lissafi. Ambato yana nufin wata maƙala ta sa wannan a jerin madogararta, shi ke nan. Ba ya cewa ta yarda da ita, ba ya ma cewa an karanta ta.

Ma'aunin h da ake yawan faɗa, Jorge Hirsch ne ya kawo shi a 2005, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego. Ki jera maƙalun mutum daga mai ambato mafi yawa zuwa ƙasa. A ce 120, 45, 30, 9, 6, 5, 2, 0. Ta biyar tana da 6, ta wuce biyar. Ta shida tana da 5, ba ta kai shida ba. To h ɗinsa 5. Jimillar ambato 217, kuma ma'aunin i10 na Google Scholar, wato maƙalun da suka kai ambato 10, zai ba shi 3. Ki lura, ko maƙalar farko ta tashi daga 120 zuwa 1,200, h bai motsa ba. Kuma h ba ya sauka, sai dai ya hau, don haka wanda ya shekara 30 yana wallafawa galibi yana gaban wanda ya shekara 8. Hirsch da kansa ya ba da shawarar a raba h da shekarun da mutum ya yi tun maƙalarsa ta farko.

Abu na biyu, rumbu uku ne kuma ba sa ba da adadi ɗaya. Google Scholar yana kwasar kundin digiri, takardun taro, da duk fayil mai kama da maƙala, shi ya sa nasa ya fi yawa. Scopus na Elsevier da Web of Science na Clarivate mujallun da suka tantance kawai suke ƙirgawa. Duk adadin da za ki rubuta, ki sa sunan rumbun da ranar da kika duba, domin gobe ya canza.

Mai Gashin Ƙashi:
Ni dai a nan nake da ja. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Mai shanyewar ɓarin jiki ba daidaiton taku na minti biyar ya kawo shi ba, so yake ya je masallaci ya dawo, ya tsallaka titi kafin mota ta iso. Gwajin mutum 13, zama ɗaya, ba magani ba ne.

Kuma fannin nan ya taɓa ganin irin wannan. Rataye mara lafiya da ɗamara a kan injin tafiya, a rage masa nauyin jiki, ma'aikata biyu ko uku suna motsa masa ƙafa, shekara da shekaru ana yabon hanyar ana ambatonta. Sai gwajin LEAPS ya fito a New England Journal of Medicine a 2011, ƙarƙashin Pamela Duncan. Mutum 408 aka raba ta ƙuri'a: wasu su fara injin wata 2 bayan ciwon, wasu wata 6, wasu kuma ma'aikaci ya je gida ya yi musu atisayen ƙarfi da na tsayuwa. Zama 36, kowane minti 90. Bayan shekara, kashi 52 cikin ɗari saurin tafiyarsu ya haura zuwa mataki na gaba, kuma injin bai fi atisayen gida ba. Waɗanda aka ɗora a injin ma sun fi kukan jiri. Ina yawan ambaton ya tafi ranar?

Likitan Jijiya:
Malam, gaskiyarka a kan LEAPS, amma kada a ɗora wa Bastian da'awar da ba ta yi ba. Maƙalar 2007 cewa ta yi ƙwaƙwalwar da ta samu lahani tana da ikon fitar da daidaitaccen taku. Wannan magana ce babba, domin kafin nan mutum na iya ɗauka ɗingishin ya zauna ke nan. Kuma su da kansu suka bi sawun tambayarka. A 2009 sun auna ko koyon yana bin mutum idan ya sauka ƙasa. Yana bi, amma wani ɓangare kawai, kuma abin sha'awa, ya fi bin marasa lafiya fiye da masu lafiya. A 2013 Reisman ta jagoranci horo na zama 12 cikin mako 4. Wasu takunsu ya daidaita, wasu ko gezau. Sun faɗa a fili.

Ga kuma abin da ke lalata gwajin a hannun wanda bai fahimta ba: wace ƙafa ake ɗorawa a bel mai sauri? Da yawa sukan ce ƙafar da ta shanye. A'a. Ƙafar da takunta ya fi gajarta ce, ko wadda ta shanye ce ko mai lafiyar, domin a wasu marasa lafiya ƙafar da ta shanye ita ce mai dogon taku. Dalili: idan ƙafar bel mai sauri ta sauka gaba, ta bayan tana kan bel mai jinkiri, ba a ja ta baya sosai ba, sai takun ya ƙara gajarta. Wato da gangan ake ƙara kuskuren don ƙwaƙwalwa ta ji shi ta gyara. In aka juya, za a sauke mutum da ɗingishin da ya fi wanda ya hau da shi.

Abu Sadik:
Dakta, to ai an gwada wannan dabara ta ƙara kuskure da ƙuri'a. Michael Lewek na Jami'ar North Carolina ya wallafa a Clinical Rehabilitation a 2018: rukuni ɗaya ana ƙara musu kuskure, ɗaya ana rage musu, ɗaya injin tafiya na yau da kullum. Duka sun samu ci gaba, babu rukunin da ya yi fice. Ummu Hanif, ki buɗe maƙalar 2007 da ta 2018 a rumbu ɗaya ki kwatanta ambatonsu. Tazarar ba ƙarama ba ce. Shekara 11 da ke tsakaninsu na daga ciki, amma akwai wata cuta sananniya: sakamako mai daɗi ya fi jan ambato fiye da wanda ya ce babu bambanci. Steven Greenberg ya nuna wannan dalla-dalla a mujallar BMJ a 2009, a wani fanni na ciwon tsoka, inda ya bi zaren ambato ya ga ana tsallake maƙalun da suka saɓa, har zato ya rikiɗe ya zama tabbas ta hanyar maimaitawa kawai.

Ummu Hanif:
Allah ya saka. To a aikace, yaya zan gane irin ambaton da maƙala ta samu? Ba zan iya karanta ɗaruruwan maƙalu ba.

Malam na Laburare:
Ba sai kin karanta duka ba. Ki fara da PubMed, rumbun maƙalun fannin lafiya, ki nemo maƙalar, ki kwafi lambarta ta PMID. Ki kai lambar shafin iCite na hukumar lafiya ta Amurka, NIH, kyauta ne. Zai ba ki RCR, ma'aunin da Ian Hutchins da abokansa suka bayyana a PLOS Biology a 2016. Yana kwatanta maƙala da maƙwabtanta na fanni, kuma 1.0 shi ne matsakaicin maƙalar da NIH ta ɗauki nauyi. Mai 3.0 ta ninka sau uku. Wannan ya fi adalci, domin fannin gashin ƙashi ƙarami ne, ba a haɗa shi da na ciwon kansa ko na ƙwayoyin halitta. A wannan shafin dai akwai wurin da ke ware ambaton da ya fito daga gwajin asibiti da ƙa'idojin jinya. Shi ne amsar tambayarki kai tsaye.

Daga nan ki je Scopus in makarantarku na da rajista, ki danna waɗanda suka ambace ta, ki cire ambaton kai, na marubuciyar da na abokan rubutunta. Sai ki ɗebo 40 ko 50, ba na saman jeri kawai ba, ki tsallaka kina ɗaukar kowace ta goma. A kowace ki nemo jimlar da aka ambaci maƙalar, ki sa ta a ɗaya daga gida huɗu: an ambata a gabatarwa a wuce, an ari tsarin gwajin, an gwada a kan marasa lafiya, ko an saɓa mata. Aikin yini biyu ne, kuma zai ba ki abin rubutawa da ya fi kowace lamba.

Wajen nema ki rubuta Bastian AJ, ba Bastian A ba, kada ki kwaso na wasu. Wannan matsala ta fi cin mu nan. Mai suna Abdullahi A ko Ibrahim M, rumbu na iya haɗa shi da mutum goma, ko ya raba shi gida uku saboda yau ya sa sunan mahaifi a gaba, gobe sunan gari. Kowa ya buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, lamba 16 ce, kyauta, ya tsaya kan rubutun suna ɗaya.

Hajiya Fisiyo:
Ina so in kare Farfesa Bastian ta wata fuska, domin muhawarar ta fara karkata kamar aikin nata na ɗakin gwaji ne kawai. Ita fa ma'aikaciyar gashin ƙashi ce tun asali kafin ta shiga binciken ƙwaƙwalwa. Tana cikin marubutan maƙalu biyu na 1996 a Brain tare da Thomas Thach, inda mutane ke jifa sanye da tabarau mai karkatar da gani. Tunani ɗaya ne tun daga can: kuskure, gyara, sannan ragowar gyaran bayan an cire abin.

Akwai darussa daga ɗakinta da ba sa buƙatar inji. Laura Malone da Bastian a 2010 sun nuna cewa wanda aka ce ya kalli ƙafarsa ya gyara da gangan ya fi saurin daidaitawa, amma wanda aka shagaltar da hankalinsa, ko da ya yi jinkiri, abin da ya koya ya fi daɗewa. Wannan kai tsaye ya shafi ma'aikacin da ba ya rufe baki, kowane taku sai ya ce ɗaga, miƙe, taka. Gelsy Torres-Oviedo da Bastian a 2012 sun nuna in aka shigo da bambancin gudun a hankali, koyon ya fi bin mutum zuwa ƙasa fiye da in aka yi shi farat ɗaya. Julia Choi da Bastian a Nature Neuroscience a 2007 sun nuna koyon tafiya gaba ba ya shiga tafiya baya. Ma'ana abin da ka horar shi za ka samu. Erin Vasudevan a 2011 ta nuna yara 'yan ƙasa da shekara 6 suna koyon lokacin taku amma ba sa koyon inda za a ajiye ƙafa kamar manya, don haka ba a ɗauko tsarin babba a ɗora wa yaro.

Ma'aikacin da ya rage surutu saboda ya karanta maƙalar 2010, ba zai taɓa fitowa a Scopus ba. Wannan tasirin babu ma'aunin da ke kama shi.

Mai Gashin Ƙashi:
Hajiya, na karɓi wannan. Sai dai masu lafiya ne aka gwada a yawancin waɗanda kika lissafa, matasa a jami'a, a faɗa wa ɗalibai haka. In kuwa ana neman abin da za a yi wa mara lafiya gobe da safe, a buɗe ƙa'idar jinya ta 2020 da George Hornby ya jagoranta a Journal of Neurologic Physical Therapy, wadda ita ma Reisman na cikin marubutanta. Ga wanda ya wuce wata 6 da ciwon kuma yana iya takawa, ta ce a yi horon tafiya mai ƙarfi, bugun zuciya ya kai kashi 70 zuwa 85 na ƙololuwarsa. Ta kuma ce kada a dogara da rataye a inji ko mutum-mutumin tafiya don ƙara sauri ko nisa.

Lissafin mai sauƙi ne. Ƙololuwar bugu: 208 a cire shekaru sau 0.7. Ɗan shekara 60, 166 ke nan, sai a nemi tsakanin 116 da 141 a minti. In yana shan atenolol ko propranolol, magungunan da ke rage bugun zuciya, bugun ba zai hau sosai ba, kada a matsa masa don a cika lamba, a koma ma'aunin gajiya na Borg mai 6 zuwa 20, a nemi 14 zuwa sama. Kuma sai likita ya duba zuciya, a auna hawan jini kafin a fara da bayan an gama.

Gwajin HIT-Stroke na Pierce Boyne a JAMA Neurology a 2023, mutum 55: bayan mako 12, masu horo mai tsanani sun ƙara mita 71 a tafiyar minti 6, masu matsakaici mita 27. Ku haɗa wannan da abin da Catherine Lang ta ƙirga a 2009, cewa a zaman da aka ware wa tafiya matsakaicin taku 357 ne kacal. Giɓin yana nan, a yawan taku da ƙarfinsa.

Abu Sadik:
Kuma ko shi wannan ba ƙarshen zance ba ne. Gwajin PROWALKS na ɗakin Reisman a Jami'ar Delaware, mutum 250, ya nuna horo mai ƙarfi shi kaɗai yana ƙara iya tafiya amma bai ƙara yawan takun da mutum ke yi a gida ba. Waɗanda aka ba na'urar ƙirga taku, ana zama da su ana sa musu buri, su ne takunsu na yini ya ƙaru. Iyawa daban, aikatawa daban. Ummu Hanif, in kin jera aikin Reisman daga 2005 zuwa wannan gwaji, za ki ga yadda mai bincike ke tashi daga tambayar ƙwaƙwalwa zuwa tambayar tsakar gida. Sababbin maƙalun ambatonsu bai kai na tsofaffin ba, don ba su daɗe ba, alhali su suka fi kusa da mara lafiya.

Malam na Laburare:
Gargaɗi biyu ga masu zaman tantance ƙarin girma. Na farko, Google Scholar ana iya yaudararsa. A 2010 Cyril Labbé a Faransa ya ƙirƙiri wani marubuci na bogi, Ike Antkare, da maƙalun da kwamfuta ta harhaɗa suna ambaton juna, h ɗinsa ya kai 94. Na biyu, lambar tasirin mujalla ta Eugene Garfield matsakaicin ambaton shekara 2 ne na mujalla gaba ɗaya, 'yan maƙalu kaɗan ke ɗaga ta, ba ta faɗin komai kan maƙalar mutum ɗaya. Sanarwar San Francisco ta 2012, DORA, da bayanin Leiden na 2015 a Nature, duk cewa suka yi lamba ta taimaka wa karatun masana, kada ta maye gurbinsa. Ga kuma mujallun Afirka da dama da ke AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, waɗanda ba sa Scopus. Wanda ya fassara ma'aunin tafiya zuwa Hausa ya tantance shi, ya wallafa a can, ma'aikata na iya amfani da shi kullum amma rumbun ya nuna sifili.

In gwajin jinya ne, a duba makinsa a PEDro, rumbun Sidni ta Ostareliya, maki 10 ne, daga ciki: an yi ƙuri'a, an ɓoye rabon, mai awo bai san rukuni ba, an samu awon sama da kashi 85 na mutanen. Maƙalar 2005 da ta 2007 ba a auna su da wannan, domin ba gwajin jinya ba ne tun farko.

Ummu Hanif:
Na gode ƙwarai, iyayena. Saura ɗaya. Wanda ba shi da injin bel biyu, yaya zai auna ɗingishi da sauri yadda masu bita za su karɓa?

Hajiya Fisiyo:
'Yata, tef ɗin awo, alli da agogon waya sun isa. Ki shata mita 10 a daɓe shimfiɗaɗɗe marar santsi, ki sa alama a mita 2 da mita 8, ki ɗauki lokacin mita 6 na tsakiya kawai, don farko da ƙarshe mutum na ɗaukar gudu ne ko yana ragewa. Sau biyu ko uku, ki ɗauki matsakaici. Rabon Jacquelin Perry na 1995 shi aka fi bi: ƙasa da mita 0.4 a daƙiƙa mai tafiyar cikin gida ne, 0.4 zuwa 0.8 yana ɗan fita, sama da 0.8 yana shiga gari. Julie Tilson a 2010 ta fitar da mita 0.16 a daƙiƙa a matsayin ƙarin da ke da ma'ana, amma daga waɗanda ke watannin farko na ciwon aka samo shi, ki faɗi haka in kin yi amfani da shi.

Tsawon taku kuwa, ki shafa hoda a dunduniyar takalmi, ya taka baƙin daɓe ko doguwar takarda. Ki auna daga dunduniyar baya zuwa ta gaba, takun na ƙafar da ke gaba ne. Ki raba takun ƙafar da ta shanye da jimillar biyun. Santimita 30 da 45 zai ba ki 0.40, daidaito kuwa 0.50 ne. Ki tara aƙalla taku 10 na kowace ƙafa, ki zubar da na farko da na ƙarshe. Inda awo ke lalacewa: yau da sanda gobe babu, yau silifas gobe sau-ciki, ko mai awo yana tafiya gaban mara lafiya yana ja masa gudu. Ki tsaya gefensa ta ɓarin da ya shanye, ɗan baya kaɗan, ki rubuta takalmi da sanda da takalmin gyaran idon sawu a takardar awon farko, ranar awon ƙarshe a zo da su ɗin dai.